Ina tsofaffin kayan lantarki suke ƙarewa?

A unguwar Ƙofar Durbi da ke birnin Katsina, kamar a sauran unguwannin biranen arewacin Najeriya, da wuya a shiga gidan da babu matacciyar wayar salula, ko rediyon da ya daina magana, ko tsohon batirin da aka jingine a lungu.

Mafi yawan waɗannan kaya suna ƙarewa ne a hannun 'yan gwangwan, waɗanda ke zagayawa da kura suna saye, ko kuma a kan bola da cikin magudanun ruwa.

Abin da ke faruwa da su daga nan ya shafi lafiyar jama'a kai tsaye, musamman ƙananan yara.

Girman matsalar

Wani rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da aka fitar a 2024 ya ce a shekarar 2022 duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62.

Kimanin kashi 22 cikin ɗari ne kawai aka tabbatar an tattara an kuma sake sarrafawa ta hanyar da ta dace. A nahiyar Afirka adadin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Rahoton ya yi hasashen cewa sharar za ta kai tan miliyan 82 a shekarar 2030.

A Najeriya sharar na fitowa ne ta hanya biyu. Ta farko ita ce kayan da jama'a suka yi amfani da su suka lalace, waɗanda suka ƙaru ainun tun bayan zuwan wayar salula ta GSM a 2001.

Ta biyu kuma ita ce kayan gwanjo da ake shigowa da su daga ƙasashen waje. A 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta Amurka ta ba da rahoton cewa kimanin kwantena 500 na tsofaffin kwamfutoci da makamantansu ne ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas a kowane wata, kuma kaso mai yawa daga ciki ba su gyaruwa.

Wani binciken da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta wallafa a 2018 ya gano cewa a 2015 da 2016 an riƙa shigo da kimanin tan 60,000 na irin waɗannan kaya a shekara, kuma fiye da tan 15,000 daga ciki matattu ne. An cusa da yawansu ne a cikin motocin gwanjo.

Daga kasuwannin Legas irin su Alaba da Computer Village, wani kaso na kayan kan bi manyan motoci zuwa Kano, daga can kuma su bazu zuwa Katsina da sauran garuruwa.

Dukiya da guba a wuri guda

Dalilin da ya sa 'yan gwangwan ke biyan kuɗi domin karɓar abin da mai shi ya fidda rai da shi a bayyane yake. A cikin wayoyin wuta da injin firji da na fanka akwai jan ƙarfe, a jikin kaya da dama akwai alminiyam, sannan a faifan cikin waya da kwamfuta, wanda masu gyara ke kira fanel, akwai ɗan ƙwarya-ƙwaryan zinari da azurfa.

To amma tare da su akwai abubuwa masu guba. Gilashin tsohon akwatin talabijin mai doro a baya yana ɗauke da dalma da ka iya wuce kilo guda, haka ma batiran mota da na sola cike suke da dalma da ruwan batir mai cin jiki.

Dogayen ƙwayayen fitila masu farin haske da wasu tsofaffin allunan kwamfuta suna ɗauke da zaiba, wato sinadarin makuri, wanda ke lahanta ƙwaƙwalwa da ƙoda.

Muddin kayan suna rufe a yadda aka ƙera su, haɗarin kaɗan ne. Yana tasowa ne lokacin da aka farfasa su da guduma, ko aka cinna wa wayoyin wuta domin robar ta narke a ciro jan ƙarfen.

Hayaƙin ƙona irin wannan roba na ɗauke da sinadarai masu haddasa ciwon daji, tokar kuma tana shiga ƙasa, ruwan damina ya wanke ta zuwa kududdufai da rijiyoyi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta fitar da rahoto na musamman kan yara da sharar lantarki a 2021, ta ce babu wani adadin dalma a jinin ɗan Adam da za a ce ba shi da illa. A jikin yaro tana dakushe basira, kuma ɓarnar ba ta cika gyaruwa ba.

Jama'ar arewa sun ga ƙarfin wannan guba a 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a jihar Zamfara, ko da yake a can daga dakan duwatsun zinari dalmar ta fito.

Abin da doka ta tanada

Dokokin Najeriya kan shara mai guba sun samo asali ne daga abin da ya faru a garin Koko, a jihar Delta ta yanzu, inda a 1988 aka gano dubban gangunan sharar masana'antu da aka kawo daga Italiya aka jibge.

A shekarar ce gwamnatin soja ta kafa dokar haramta hakan. A 1989 ƙasashen duniya suka rattaba hannu kan yarjejeniyar Basel, a 1991 kuma ƙasashen Afirka suka ƙulla tasu a Bamako. Daga farkon 2025, yarjejeniyar Basel ta wajabta neman amincewar ƙasa kafin a tura mata kowace irin sharar lantarki.

A 2007 aka kafa hukumar NESREA mai kula da bin dokokin muhalli, a 2011 kuma aka fitar da ƙa'idoji na musamman kan kayan lantarki, waɗanda aka yi wa kwaskwarima daga bisani.

Ginshiƙin ƙa'idojin shi ne cewa wanda ya ƙera kaya ko ya shigo da su, shi ke da alhakinsu har bayan sun mutu. Domin aiwatar da wannan ne kamfanoni suka kafa ƙungiyar EPRON a 2018.

Yadda cibiyar karɓar kaya take aiki

A bisa wannan tsari, kamfanoni na biyan wani kuɗi, a yi amfani da shi wajen tallafa wa cibiyoyin tattara kaya da masana'antun sake sarrafawa masu rajista.

Mai kaya zai kai su cibiyar, a auna, a rubuta, a ware masu gyaruwa, a cire batir da ƙwayayen fitila a ajiye su daban. Sauran a tura su masana'anta, inda ake kwance su da kayan kariya, ana fere wayoyi da na'ura ba tare da wuta ba.

Sai dai fitattun masana'antun, irin su Hinckley da E-Terra, a Legas suke, kuma a can aka gwada shirin dala miliyan 15 da gwamnati ta ƙaddamar a 2019 tare da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ga gari kamar Katsina, wanda ke da nisan fiye da kilomita 1,000 daga Legas, kuɗin dako babban cikas ne. Wani cikas ɗin shi ne ɗan gwangwan yana zuwa har ƙofar gida ya biya nan take, don haka cibiyar da ke jiran a kawo mata kaya kyauta ba za ta iya gogayya da shi ba.

Wannan ne ya sa masana da dama ke ganin mafita ita ce a yi wa 'yan gwangwan rajista, a horar da su, a riƙa sayen kayan daga hannunsu kafin su fasa ko su ƙona.

Wasu hukumomin kuwa sun ɗauki matakin hani saboda dalilan tsaro da satar kayan gwamnati, kamar yadda jihar Borno ta yi a 2023 da kuma hukumar birnin Abuja a farkon 2025.

Abin da magidanci zai iya yi

Gyara ya fi zubarwa, domin duk shekarar da aka ƙara wa na'ura rage shara ce.

Idan kaya sun mutu, a miƙa su a dunƙule ba tare da an fasa ba, kuma kada a haɗa su da sharar da za a ƙona a ƙofar gida.

Batirin waya da ya kumbura yana iya kamawa da wuta, don haka a nisanta shi da rana da murhu. Tsohon batirin sola ko na mota a mayar wa dillalin da ke karɓarsa a musaya, ba tare da an tsiyayar da ruwansa a ƙasa ba.

Kafin a rabu da waya ko kwamfuta, a cire layi da katin ajiya, a goge hotuna da bayanan banki.

Fiye da komai, kada a bar yara su yi wasa da matattun batira da fasassun ƙwayayen fitila, ko su tsaya kusa da inda ake ƙona waya.