Sansanin Kakuma: Abin da ya kamata a sani game da tsaron 'yan gudun hijira na LGBTI

Duk wanda ya zauna a Sabo, ko a Ibadan ko a Shagamu, ya san baƙo kan jingina da 'yan'uwansa idan rikici ya tashi. Wannan ne ya sa na tsaya kan labarin wasu baƙi a Kenya da ba su da wannan gatan, wato masu neman jinsi ɗaya, da waɗanda suka sauya jinsi, da mata-maza, waɗanda ake kira LGBTI.

Ina ne Kakuma?

Sansani ne a yankin Turkana, arewa maso yammacin Kenya. An buɗe shi a 1992, kuma yau mutum sama da 200,000 ke zaune a wurin, ƙarƙashin gwamnatin Kenya da hukumar UNHCR.

Me ya kai su can?

Da yawansu daga Uganda suka gudo. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta ba da mafaka ga wanda ake tsanantawa saboda rukunin mutanen da ya fito, kuma a 2012 UNHCR ta fitar da ƙa'idojin da suka fayyace cewa su ma suna ciki. A watan Mayun 2023 Shugaba Museveni ya sa hannu kan dokar da ta tanadi har hukuncin kisa a wasu lokuta.

Ina matsalar take?

Ita ma Kenya dokarta ta tanadi ɗaurin shekara 14. To ka ga, wanda aka doka a layin ruwa ko wajen karɓar abinci, da wace fuska zai je gun ɗan sanda? Kuma ba ya fita daga sansanin sai da takardar izini. A Maris 2021 wuta ta ƙone mutum biyu a sashen Block 13, inda da yawansu ke kwana, ɗaya ya rasu bayan 'yan makonni. Rahoton Amnesty International na 2023 ya ce ba kasafai ake hukunta masu kai musu hari ba.

Mafita fa?

Wasu na taruwa wuri guda suna gadin dare, amma taruwar kan sa a gane su. Wasu sun tsallaka sansanin Gorom kusa da Juba, a Sudan ta Kudu. Burin akasarinsu shi ne a kai su wata ƙasa, sai dai Amurka ta dakatar da shirinta na karɓar 'yan gudun hijira a Janairun 2025.

Ra'ayinmu kan rayuwarsu daban, maganar tsare ransu daban. Ni dai a ganina, wanda ya zo neman mafaka, amana ne a hannun mai masauki.