Tarihin Gano Lalura Biyu a Jikin Ɗa Guda

Gabatarwa

A kafafen yaɗa labarai na Hausa, kalmar galahanga tana ɗauke da kaya biyu. Ranar 21 ga Maris akan ji ta a matsayin sunan lalurar Down, ranar 2 ga Afrilu kuma a sake jin ta a matsayin sunan lalurar otizim. Lalurorin sun bambanta a asali da alamomi, amma akwai yaran da Allah ya haɗa musu duka biyun. Uwa a unguwar Pumpumre ta birnin Garwa, ko a Fagge ta Kano, tana iya lura cewa ɗanta mai lalurar Down ya daina furta 'yan kalmomin da ya iya, ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, sai a ce mata ai haka galahanga yake. Wannan rubutu ya bibiyi tarihin yadda aka gano lalurorin, da yadda iyaye suka ɗauki nauyin kurakuran masana kafin gaskiya ta yi halinta.

Ɗan Ruwa a Tunanin Bahaushe

Kafin zuwan asibiti, Bahaushe yana da nasa bayanin. Jaririn da aka haifa da sanyin jiki, wuyansa bai tsaya ba, ya yi jinkirin zama da rarrafe, akan kira shi ɗan ruwa. Camfin ya nuna cewa aljanu ne suka musanya shi tun yana ciki, wai don uwar ta je rafi ko ta yi wanka da almuru. Maganin da bokaye kan bayar shi ne a kai yaron bakin kogi a ajiye, a ce zai rikiɗe ya zama maciji ya koma wurin danginsa. Irin wannan camfi ya yaɗu a sassa da dama na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Sanyin jiki kuwa yana daga cikin alamomin farko na lalurar Down. Ke nan, laifin ya faɗa kan uwa, hukuncin ya faɗa kan ɗa.

Gano Lalurar Down

A shekarar 1866 likita John Langdon Down, shugaban gidan kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa na Earlswood a Ingila, ya bayyana siffofin waɗannan yara. Sai dai ya jingina su da mutanen Mongoliya saboda yanayin idanunsu, sunan ya bi su kusan shekara 100. A 1905, bayan rasuwarsa, aka haifa wa ɗansa Reginald yaro mai wannan lalura.

Ba a san musabbabi ba sai a 1959, lokacin da Jérôme Lejeune da Marthe Gautier da Raymond Turpin suka gano shi a Paris. Kowace ƙwayar halittar ɗan'adam tana ɗauke da zaren gado 46, an jera su biyu-biyu. Mai lalurar Down yana da 47, domin zare na 21 ya zo guda uku. Abin yana faruwa ne tun lokacin shigar ciki, babu hannun rafi ko almuru. A 1965 Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina amfani da tsohon sunan bayan ƙorafin ƙasar Mongoliya.

An daɗe ana zaton lalurar ba ta cika samun baƙar fata ba. Binciken da Adeyokunnu ya wallafa daga Ibadan a 1982 ya rushe wannan zato, inda ya sami jariri 1 cikin kowane 865, kusan daidai da sauran ƙasashe.

Gano Otizim

A 1943 Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya bayyana yara 11 masu keɓe kansu daga mutane, masu maimaita abu guda, waɗanda hankalinsu ke tashi idan an sauya musu abin da suka saba. Hans Asperger ya yi makamancin wannan bayani a Biyana a 1944. Daga nan aka sake komawa kan uwa. Bruno Bettelheim, a littafinsa na 1967, ya yaɗa ra'ayin cewa rashin nuna ƙauna daga uwa ne ke jawo lalurar. Wanda ya tsaya ya ƙaryata wannan ra'ayi uba ne: Bernard Rimland, masani mai ɗa da otizim, ya kafa hujja tun 1964 cewa asalinta yana cikin halittar ƙwaƙwalwa. Binciken tagwaye na Folstein da Rutter a 1977 ya nuna ƙarfin gado a cikinta. A 1978 Victor Lotter ya wallafa sakamakon duba yara fiye da 1,300 a ƙasashen Afirka, har da Nijeriya, ya tabbatar da cewa lalurar tana nan.

Haɗuwar Biyun

Tun zamanin Langdon Down ake siffanta masu lalurar Down da fara'a da son mutane da iya kwaikwayo. Tun da an san otizim da akasin haka, likitoci suka ɗauka biyun ba sa haɗuwa. A 1979 Wakabayashi na Japan ya wallafa labarin yaron da ya haɗa su. A 1995 Patricia Howlin da Lorna Wing da Judith Gould suka ja hankalin likitoci cewa sunan lalurar farko yana rufe musu ido daga ta biyu. Wani nazari na 2015 da ya tattara bincike da dama ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 16 cikin 100 na masu lalurar Down suna nuna alamomin otizim.

Bambancewar tana da amfani ga tarbiyya. Yaro mai lalurar Down kaɗai yakan koya ta hanyar kallon fuska da kwaikwayon 'yan'uwansa. Wanda ya haɗa da otizim ya fi gane hotuna da ishara da tsarin yini wanda ba ya sauyawa. Idan ba a gane ba, sai a kira shi mai taurin kai, a ce uwarsa ta sangarta shi. Haka kuma likitoci kan fara duba ji da gani da maƙoshi, domin matsalolinsu sun yawaita ga masu lalurar Down, kuma suna iya kama da otizim.

Iyaye da Dokoki

Yawancin sauyin da aka samu iyaye ne suka faro shi. Janar Charles de Gaulle da matarsa Yvonne sun riƙe 'yarsu Anne a gida daga haihuwarta a 1928 har rasuwarta a 1948, a zamanin da ake tura irinta gidajen ajiya, kuma sun kafa gidauniya don 'yan mata masu lalurar ƙwaƙwalwa. A Legas, Rose Mordi ta kafa gidauniyar masu lalurar Down a 2001 saboda 'yarta. Kamaru ta yi dokar kare masu naƙasa a 1983, ta sabunta ta ranar 13 ga Afrilu, 2010. Nijeriya ta sa hannu a tata a Janairun 2019. Sai dai cibiyar ƙasa ta farfaɗo da masu naƙasa mai sunan Kardinal Léger tana Yawunde ne, tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga bakin Binuwai, abin da ya fi ƙarfin aljihun talaka.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa sau biyu aka ɗora wa uwa laifin da ba nata ba, a bakin boka da kuma a alƙalamin masani, sau biyu kuma bincike ya wanke ta. Abin da ya rage wa masu nazarin Hausa shi ne su raba wa lalurorin sunaye, domin uwar da ba ta da kalmar da za ta faɗa wa likita abin da ta gani, da wuya ta samo wa ɗanta taimakon da ya dace. Bahaushe dai ya riga ya yanke hukunci tun da ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.