Taƙaitaccen Tarihin Wasannin Bidiyo Masu Bin Motsin Jiki

1.0 Gabatarwa

Tun farkon fitowarsa, wasan bidiyo aikin 'yan yatsu ne: mutum ya zauna gaban talabijin ya yi ta danna maɓallai. Wannan takarda ta bi diddigin yadda aka shigar da hannu da ƙafa cikin wasan, da kuma dalilin da ya sa wannan salo ya bunƙasa a Japan da Amurka da Turai, amma bai sami gindin zama a gidajen gem na ƙasar Hausa ba.

2.0 Matakan Farko

A shekarar 1986 kamfanin Bandai na Japan ya fito da wata tabarma mai maɓallai a ciki, wadda ake tattakawa don yin tsere a allo. Ita ce Nintendo ya sayar a Amurka da sunan Power Pad a 1988. A 1989 kuma kamfanin Mattel ya kawo wata safar hannu mai suna Power Glove, amma ba ta daɗe a kasuwa ba domin ba ta karanta motsi daidai. Sai a 2003 Sony ya fito da EyeToy, wata ƙaramar kyamara da ke nuna mai wasa a cikin allo. Duk waɗannan ƙari ne da ake saye daban a haɗa da na'ura.

3.0 Zuwan Wii

Kamfanin Nintendo, wanda aka kafa a Kyoto a 1889 don yin katin wasa, shi ne ya sauya al'amarin. Shugabansa, Satoru Iwata, ya lura cewa yawan maɓallai yana korar iyaye da tsofaffi. Saboda haka a watan Nuwamba na 2006 aka fito da Wii a kan dala 250, alhali PlayStation 3 tana kamawa daga dala 499.

Abin riƙewar Wii ya yi kama da rimot ɗin talabijin. A cikinsa akwai ma'aunin saurin motsi, a bakinsa kuma akwai ido mai hango wani haske da ke fitowa daga sandar da ake ajiyewa kusa da talabijin. Wasan Wii Sports ya ƙunshi tanis da besbol da bolin da golf da damben zamani. Wanda ya iya kai naushi ya iya wasan, ba sai an koya masa ba. An sayar da na'urar sama da miliyan 100, wasan kuma sama da miliyan 82.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Rimot ya riƙa suɓucewa yana fasa talabijin, har a Disamba 2006 kamfanin ya yi tayin musanya igiyoyin wuyan hannu kimanin miliyan 3.2. Haka kuma wani bincike da aka yi a Liverpool a 2007 ya nuna cewa wasan ya fi na zaune cin ƙarfi, amma bai kai wasan fili ba.

4.0 Gasa da Ja Baya

A 2010 Sony ya fito da PlayStation Move, Microsoft kuma ya kawo Kinect, wadda ke karanta jiki ba tare da an riƙe komai ba. An sayar da Kinect miliyan 8 cikin kwana 60. Amma ba a jima ba wayoyin hannu suka janye masu wasa jefi-jefi. Wii U ta 2012 ba ta kai miliyan 14 ba, kuma an daina ƙera Kinect a 2017. Duk da haka salon bai mutu ba, domin Nintendo Switch Sports ya fito a 2022.

5.0 A Ƙasar Hausa

An tsara Wii ne domin falon gida mai fili da wutar lantarki tsayayya, inda iyali ke da na'urarsu. A Kano da Zariya da Maraɗi kuwa, yawancin matasa a shago suke wasa. Mai shago yana jera talabijin da benci, ya tayar da janareta, ya karɓi kuɗi a kan kowane wasa. Wurin da mutum biyu za su tsaya suna wurga hannu zai ɗauki masu zama da yawa. Ga shi kuma abin da ake so shi ne ƙwallon ƙafa, irin su FIFA da PES, waɗanda da maɓallai aka fi buga su. Shi ya sa PlayStation ta mamaye gidajen gem.

6.0 Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna cewa sabuwar dabara kaɗai ba ta isa ta ba na'ura karɓuwa ba. Girman ɗaki da samuwar wuta da hanyar biyan kuɗi da irin wasan da jama'a ke so, su ne suka ɗaukaka Wii a wasu ƙasashe, su ne kuma suka taƙaita ta a wasu.