Jinya Ma Horo Ce: Daga Zangon Fatake Zuwa Barikin Basawa

Hanyoyin da suka haɗa Samaru da Basawa da Sabon Garin Zariya sun daɗe da sanin sawun masu gudu. Da asuba sojoji na bin su cikin sahu, ɗaliban jami'a na motsa jiki, samari masu burin shiga soja na gwada numfashinsu. Duk wanda ya daɗe a wannan harka ya san cewa wata rana ƙwauri zai ɗauki zafi, ko agara ta riƙe, ko zazzaɓi ya kwantar da shi ana tsakiyar shiri. Abin da mutum ya yi a wannan rana shi ke nuna ko zai daɗe yana gudu ko zai bari da wuri. Tarihin wannan yanki ya nuna cewa mutanen da suka fi kowa juriya a ƙasar Hausa sun ɗauki jinya a matsayin wani ɓangare na aikin, kuma raina hutu da ake yi yanzu sabon abu ne da ya zo da horon agogo da kalanda.

Kafin a san gudun yada ƙanin wani, gwanayen doguwar tafiya su ne fatake. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro yakan shafe watanni a hanya, a ƙasa, da jakuna da kaya a ka. Madugu ba ya tayar da ayari sai ruwa ya ɗauke, ana tafiya da sanyin safiya, a sauka kafin rana ta take, kuma a manyan zanguna akan kwana biyu ko fiye don mutane da dabbobi su murmure. Wannan lissafin riba ne tsantsa, domin ɗan dakon da faso ya tsaga wa dunduniya, ko kurkunu ya fito masa a ƙafa, in aka matsa masa yau, gobe sai an nemi mai ɗaukar kayansa har da shi kansa. Haka dambe da kokawa suke da lokacinsu. Da kaka ake buɗe fage, bayan amfanin gona ya shigo gida ciki ya cika, a ci gaba har cikin rani. Damina na sauka kowa ya koma gona. Noma wahala ce, amma wahala ce ta daban, saboda haka hannun da ya sha zare da naushi yana samun watanni kafin a sake ɗaure shi.

A gefen wannan tsari akwai masu sana'ar gyaran jiki. Maɗori, wanda galibi gadon sana'ar ya yi, shi ke duba karaya da targaɗe da gocewar ƙashi, ya ja, ya daidaita, ya ɗaure da karan ɗori. Wanzami na yin ƙaho da sakiya. A gida kuma akwai gashi da ruwan zafi da shafa man shanu ko man kaɗanya. Mafi ƙarfin maganin maɗori dokarsa ce: in ya ce kada a taka ƙafa har sai ya kwance ɗori, to iyaye da ubangida da maƙwabta duk sun zama masu gadin wannan umarni. Majinyaci ba ya jinya shi kaɗai, kuma ba wanda ke kiran sa rago don ya zauna.

Sai zamani ya juya. Layin dogo ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, Sabon Gari ya tashi a gefen tasha. A 1924 aka kafa Daffo, inda har yau ake horar da kuratan sojan ƙasa na Nijeriya. A 1954 aka buɗe makarantar yara ta soja, a 1962 Jami'ar Ahmadu Bello ta tsaya a Samaru, barikin Basawa kuma ya zama mazaunin makarantar 'yan sandan soja. Waɗannan cibiyoyi sun kawo irin horon da ba ya jiran kaka: gudu kullum, tattaki da kaya a baya, takalmi mai nauyi, ƙasa mai tauri, da ranar jarrabawa da ba ta matsawa don wani. Irin wannan horo yana da nasa raunin. Tun a 1855 wani likitan sojan Jamus mai suna Breithaupt ya bayyana kumburin ƙafa mai zafi da ke kama kurata bayan dogon maci, kuma da aka samu na'urar hoton ƙashi a ƙarshen wancan ƙarni sai aka ga ashe tsagewar ƙashi ce. Dalilinta a fili yake. Zuciya da huhu suna saba wa wahala cikin makonni, ƙashi da jijiya kuwa sai sun ɗauki watanni. Saurayi na jin numfashinsa ya ƙaru sai ya ƙara nisa, alhali ƙwaurinsa bai gama gina kansa ba. Wannan tsagewa ba ta zuwa da faɗuwa ko ƙara, shi ya sa ake raina ta har ta zama karaya.

Za a ce ai maɗora sun nakasa mutane da yawa, don haka babu abin koyi a wurinsu. Rabin maganar gaskiya ne, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Likitocin ƙashi, daga asibitin Dala na Kano da aka buɗe a 1959 har asibitin koyarwa na Shika, sun saba karɓar hannu ko ƙafar da aka ɗaure tamau har jini ya daina gudu, naman ya ruɓe, sai yankewa. Maɗori ba ya ganin cikin ƙashi, kuma tsagewar da gudu ke jawowa ba ta da abin da za a ja a daidaita. Ganewar ciwo aikin asibiti ne, da hoto da gwajin jini da likitan gashin ƙashi. Abin da ya cancanci a gada daga tsohon tsari shi ne ikon da yake bai wa hutu, da yadda jama'a ke tsaya wa mai jinya. Takardar likita da ke cewa a huta mako shida ba ta da amfani in mai horarwa da abokai suna yi wa mai ita kallon malalaci.

Za a kuma ce soja da ɗan tsere ana horar da su ne don su jure ciwo, har a kawo misalin Abebe Bikila, sojan Habasha da ya ci gudun kilomita 42 a Rum a 1960 ba takalmi, ya sake ci a Tokiyo a 1964 kimanin makonni biyar bayan an yi masa tiyatar afendis. Amma labarin bai tsaya nan ba. A 1964 an gano ciwon, an cire shi, ya koma atisaye a hankali bisa ƙarfin da ya tara shekaru. A 1968 a Meziko ya shiga tsere da tsagaggen ƙashi a ƙafa, bai kai rabin hanya ba ya fita, ɗan ƙasarsu Mamo Wolde ya ci. Mutum ɗaya ne, zuciya ɗaya ce, bambancin shi ne ciwon farko an yi jinyarsa, na biyu an taka shi. Juriya tana aiki a kan gajiya da zafin tsoka na kwana biyu. Zafin da ya tsaya wuri ɗaya a kan ƙashi, yake ƙaruwa da kowane taku, ba ya jin jarumta.

Maganar rashin lafiya ta fi ta rauni haɗari, domin ita tana kisa. A ƙasar Zazzau zazzaɓin cizon sauro na yawaita da damina, ƙurar hunturu na tayar da tari da asma, zafin bazara na Maris da Afrilu na ƙafar da ruwan jiki. Mai zazzaɓi da ya fita gudu wai don ya fitar da ciwon ta gumi yana ƙara wa jikinsa zafi kan zafi, yana kuma wahalar da zuciyar da cuta ta riga ta taɓa. Sannan kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da jinin AS, wato ƙwayar sikila guda ɗaya. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1987 ya nuna cewa kuratan da ke da wannan jini sun fi saura yawan mutuwar fuju'a lokacin horo. Wani kuma a 2016, kan sojoji baƙar fata kusan 48,000 da aka horar ƙarƙashin dokokin shan ruwa da hutu da ƙara wahala sannu a hankali, bai ga wannan bambanci a yawan mutuwa ba. Jinin bai canja ba, tsarin horon ne ya canja. Addini ma ya riga ya sauƙaƙa wa marar lafiya da matafiyi azumi, su rama daga baya, balle atisaye.

Saura tsoro na ƙarshe, wanda shi ne ainihin abin da ke sa samari ɓoye ciwo: kada a bar su a baya, kada gurbi ya kuɓuce. Gaskiya ne ƙarfin numfashi yana fara raguwa bayan makonni kaɗan na zama, amma yana dawowa da sauri ga wanda ya taɓa gina shi, kuma tuƙa keke ko tafiya a hankali, in likita ya yarda, suna riƙe yawancinsa. Tsagewar ƙwauri da aka hutar takan warke cikin mako shida zuwa takwas, wadda aka ci gaba da takawa tana iya cin shekara. Hausawa sun ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Sai dai wannan lissafi ba zai shiga kunnen yaro ba muddin faɗar gaskiya na nufin rasa damarsa.

Don haka nauyin yana kan masu horarwa, a bariki da jami'a da ƙungiyoyin unguwa da gidajen dambe da yanzu ke wasa kusan duk shekara. Su san ko yaransu na da jinin AS kafin a fara, su hana mai zazzaɓi fita, su kai mai ciwon ƙashi hoto tun da wuri, su sa ranakun hutu cikin jadawali kamar yadda madugu ke sa zango cikin tafiya, kuma su tabbatar wa wanda ya kwanta cewa gurbinsa na jiran sa. Mai gudu kuma, in ƙafa ta yi magana, ya tsaya ya nemi likita a ranar.