Tarihin Motar Talaka: Daga Kunkuru zuwa Mai Ƙofar Baya

Gabatarwa

Da wuya ka sami ɗalibin da ya kusa fita daga jami'a, ko ƙaramin malamin da ya fara ɗaukar albashi, wanda ba ya mafarkin ranar da zai riƙe makullin motarsa ta kansa. Da yake aljihun irin waɗannan mutane bai da zurfi, hankalinsu yakan karkata ne ga 'yar guntuwar motar nan da ba ta da but a ware, wadda ake ɗaga ƙofar bayanta sama a zuba kaya. A wannan maƙala zan yi ƙoƙarin bin diddigin wannan mota, tun daga lokacin da Turawa suka fara tunanin ƙera wa talaka abin hawa, har zuwa shigowarta ƙasar Hausa. Manufata ita ce in nuna cewa arahar mota ba a ranar saye ake gane ta ba, sai an yi shekaru ana zama da ita.

Mafarin Al'amari

A farkon ƙarni na 20 mota kayan ƙasaita ce, sai attajirai da masu mulki. Wanda ya fara karya wannan al'ada shi ne Henry Ford na ƙasar Amurka, da motarsa Model T wadda ta fito cikin 1908 a kan dala 850. A 1913 ya shigo da wata dabara a masana'antarsa, watau ma'aikaci ya tsaya wuri guda, gangar jikin motar ta riƙa zuwa gabansa yana ɗaura mata abu ɗaya tak, ta wuce ga na gaba. Da haka lokacin haɗa mota guda ya sauko daga sa'a 12 zuwa kamar sa'a ɗaya da rabi, kuɗinta kuma ya yi ta faɗuwa har ya koma ƙasa da dala 300. Kafin a daina ƙera ta a 1927 an yi fiye da miliyan 15. Abin lura a nan shi ne, manomin Amurka ya so ta ne don yana iya kwance ta ya ɗaura da 'yan sifanonin da ke gidansa, kuma kayan gyaranta na nan a kowane ɗan gari.

Kunkuru da Cinikin Biri a Sama

A ƙasar Jamus kuwa gwamnati ce ta ɗauki maganar. Cikin 1934 gwamnatin Hitler ta ba wani injiniya mai suna Ferdinand Porsche aikin zana motar jama'a, wanda shi ne ma'anar sunan Volkswagen a Jamusanci. Aka yanka mata kuɗi mak 990, aka ce ma'aikaci ya riƙa zuba mak 5 kowane mako, kamar adashi, in ya cika a ba shi mota. Fiye da mutum 300,000 suka shiga. A 1938 aka aza harsashin masana'antar a wurin da yanzu ake kira Wolfsburg, a 1939 yaƙi ya ɓarke, masana'anta ta koma ƙera motocin soja, masu zubi kuwa ko taya ba su gani ba. Sai a 1961, bayan doguwar shari'a, aka sasanta da su a kan ragi idan za su sayi sabuwa, ko kuma 'yan kuɗi kaɗan a hannu. Wannan shi ne cinikin biri a sama, kuma har gobe darasi ne ga duk wanda aka ce ya biya kuɗin motar da bai gani ba.

Bayan yaƙi wani hafsan sojan Ingila, Manjo Ivan Hirst, shi ya farfaɗo da masana'antar. Motar da ta fito daga can ita ce Beetle, wadda mu muka laƙaba wa suna kunkuru saboda ƙusumbinta. Injinta a baya yake, kuma iska ke sanyaya shi, don haka babu lagireto balle a yi maganar yoyon ruwa ko tafasa. A 1972 yawanta ya zarce na Model T, ba a kuma rufe ƙera ta ba sai 2003 a ƙasar Meziko, bayan an yi sama da miliyan 21. Amma tana da aibi guda babba: da yake inji ya cinye baya, wurin kaya ɗan ƙarami ne a gaba.

Yadda Ƙofar Baya ta Samu

Faransawa su ma ba su zauna ba. Kamfanin Citroën ya fito da 2CV a 1948, mota mai silinda 2 wadda aka tsara don manomi ya ɗauki iyalinsa da buhun dankali ya bi hanyar ƙauye. A Ingila, rikicin mashigin Suwez na 1956 ya jawo ƙarancin fetur har aka koma raba shi da awo. Wannan ya sa wani injiniya, Alec Issigonis, ya zana Mini wadda ta fito a 1959. Hikimarsa ita ce ya gindaya injin a gicciye a gaba, ya sa ƙafafun gaba su riƙa jan motar. Saboda haka, ko da yake tsawonta bai fi mita 3 da 'yan kai ba, mafi yawan cikinta na mutane ne da kayansu.

Da inji ya koma gaba, sai baya ya sami sarari. A 1961 kamfanin Renault ya fito da Renault 4, mai shimfiɗaɗɗen daɓe da babbar ƙofa a baya wadda ake ɗagawa sama. In aka kawar da kujerar baya sai ta zama 'yar akori-kura, in aka mai da ita ta koma motar iyali. Mutum ɗaya da mota ɗaya zai kai yara makaranta da safe, ya ɗauko buhuna da yamma. An ƙera ta fiye da miliyan 8 cikin shekara 30 da ɗoriya.

Abin da ya tabbatar da irin wannan ƙira a duniya shi ne tashin farashin mai na 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka taƙaita sayar da mai saboda yaƙinsu da Isra'ila, kuɗin ganga ya ninka kusan sau 4. Nan take manyan motoci masu zuƙar mai suka zama kaya. Dama Renault 5 da Honda Civic sun fito a 1972. A 1974 kamfanin Volkswagen, wanda kasuwar kunkuru ta fara ja masa baya, ya fito da Golf, zanen wani Ba'italiye Giorgetto Giugiaro, mai inji a gaba da ƙofa a baya. Cikin 1976 aka cika miliyan guda, a 2002 kuma yawanta ya wuce na kunkuru kanta. Ford Fiesta ta biyo baya a 1976, Toyota Starlet mai ƙofar baya a 1978, sai Peugeot 205 a 1983.

Zuwanta Ƙasarmu

Tsadar man da ta matse Turawa ita ce ta buɗa wa Nijeriya. A 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci, ta Volkswagen ma ta fara a Legas. A wannan shekarar ce kuma gwamnatin Janar Gowon ta biya ƙarin albashin nan na Udoji, har da ariyas. A zamanin, wanda ya gama jami'a ya kama aikin gwamnati yana iya samun bashin mota ya sayi kunkuru sabuwa dal, in ya ɗan ƙara girma ya koma Fijo 504.

Daɗin bai daɗe ba. Farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shigo da tsuke bakin aljihu a 1982, a 1986 kuma gwamnatin Babangida ta karya darajar naira. Da yake yawancin sassan da ake haɗawa daga waje ake shigo da su, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Daga nan ido ya koma ga motocin da Turawa suka gama hawa, waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano a Jamhuriyar Benin, shi ya sa muke ce musu 'yan Kwatano. Ta wannan ƙofa Golf ta cika tashoshin Arewa tana jigila tsakanin garuruwa, Starlet kuma ta zama tasi a Yamai da sauran biranen Nijar. Direbobi ba su zaɓe su don kyau ba. Sun ga ba su shan mai, kowane bakanike na bakin titi ya san cikinsu, kuma da wuya ka shiga kasuwar safaya ka rasa filogi ko shokozobansu.

Araha Ba Ta Ado

Kada mai karatu ya ɗauka duk motar da aka karya wa kuɗi ita ce ke cin kasuwa. Ƙasar Indiya ta ba mu misalai guda 2. A 1983 aka fito da Maruti 800, 'yar ƙaramar mai ƙofar baya da aka yi da haɗin guiwar Suzuki na Japan. Kamfanin ya baza wuraren gyara da kayan gyara ko'ina a ƙasar, motar ta yi shekara 30 ana ƙera ta, ta zama motar fari ta miliyoyin gidaje. A 2009 kuma kamfanin Tata ya fara sayar da Nano a kan kimanin rufi 100,000, aka yi ta shelar cewa babu motar da ta kai ta araha a duniya. Don a rage kuɗi aka mai da inji baya, ta farkon ma ba a buɗe bayanta daga waje, sai an kwantar da kujera a zura kaya ta ciki. 'Yan kaɗan daga cikinsu suka kama wuta, labari ya bazu. A 2014 aka yi mata gwajin karo ba ta sami tauraro ko ɗaya ba. Daɗin daɗawa, ba wanda yake so maƙwabta su riƙa nuna shi a ce ga mai motar da ta fi kowace araha. A 2018 aka daina ƙera ta. Gaskiyar Bahaushe da ya ce araha ba ta ado.

Kammalawa

Idan muka dubi wannan tarihi na fiye da shekara 100 za mu ga cewa motocin talaka da suka yi ƙarko duk halinsu ɗaya. Ba su shan mai, gyaransu bai gagari bakaniken unguwa ba, kayan gyaransu na kusa, suna ɗaukar mutum da kayansa, kuma in aka tashi sayarwa ana samun mai saye. Maganar mai ma ta ƙara nauyi tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur, kuɗin lita ya ninka cikin 'yan kwanaki.

Saboda haka, ɗan'uwa, ranar da Allah ya hore maka, kafin ka je wurin dillali ka fara zuwa garejin kanikawa ka tambaye su wace mota ce ba ta kwana a wurinsu. Daga nan ka leƙa kasuwar safaya ka ji kuɗin kayanta. In ka ga wadda ta kwanta maka, ka tafi da bakaniken da ka amince da shi ya duba inji da giya da birki, ya leƙa ƙarƙashi ko tsatsa ta ci, ko an taɓa yin karo da ita aka shafe da fenti. Ka tabbata takardun kwastan sun cika. Sa'an nan ka zauna da alƙalami ka haɗa kuɗin mai na wata da na juye da na tayoyi da inshora, ka auna da albashinka. In lissafin ya fi ƙarfinka, ka yi haƙuri ka ƙara tari, don sayen nagari mai da kuɗi gida ne. Allah ya sa mu dace.