BABI NA UKU: Sabunta Tsakiyar Birnin Burlington ta Ƙasar Amurka, 1963 zuwa 2022

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a duba yadda hukumomin wani ƙaramin birni suka yi ƙoƙarin farfaɗo da tsakiyar garinsu bayan kasuwa ta fara gudu daga cikinsa. An zaɓi Burlington ne domin a cikin 'yan tituna ƙalilan nasa aka gwada hanyoyi biyu mabambanta, wato hanyar rushewa a sake gini, da kuma hanyar gyara abin da aka tarar, kuma an sami isasshen lokaci da za a ga inda kowace ta kai.

3.1 Garin da Dokar da Ta Kafa Hukumar

Burlington yana bakin Tafkin Champlain ne a jihar Vermont, kimanin kilomita 70 daga iyakar Kanada. Ko da yake shi ne birni mafi girma a jihar, a ƙidayar 1960 mutanensa 35,531 ne kawai, a ta 2020 kuma 44,743. A ƙarni na 19 cinikin katako ta jirgin ruwa ne ya ɗaukaka shi. Da wannan ciniki ya ja baya, sai garin ya dogara ga masana'antu da Jami'ar Vermont da shagunan titin Church, wanda shi ne babbar kasuwar yankin.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu hali a biranen Amurka sun riƙa komawa sababbin unguwanni a bayan gari, shaguna kuma suka bi su, saboda can ne ake da filin ajiye mota. Don haka a 1949 Majalisar Tarayya ta kafa dokar gidaje wadda ta ba birane damar kafa hukumomin sabunta gari. Aikin irin wannan hukuma shi ne ta ayyana wata unguwa a matsayin lalatacciya, ta karɓi filayenta da ikon doka tare da biyan diyya, ta rushe gine-ginen, sannan ta sayar wa 'yan kasuwa filin da rahusa domin su yi sabon gini. Asarar da ke tsakanin kuɗin da aka kashe da wanda aka samu, gwamnatin tarayya ce ke ɗaukar kashi biyu cikin uku nata. A 1954 Kotun Ƙoli, a shari'ar Berman da Parker, ta tabbatar da cewa hukuma na iya karɓar ko da gini mai lafiya ne muddin yana cikin unguwar da aka ayyana. Wannan hukunci shi ya rufe bakin masu gidaje da yawa. Idan aka yi la'akari da tsarin kuɗin kuwa, za a ga cewa birni ba ya samun wannan tallafi sai ya nemo unguwar da zai kira lalatacciya, kuma wanda ke neman abu da wuya ya rasa shi.

3.2 Aikin Titin Champlain

Unguwar da aka zaɓa a Burlington ita ce wadda ke gangare tsakanin titin Church da bakin tafki. Mazaunanta akasari leburori ne da ƙananan 'yan kasuwa, zuriyar baƙin da suka zo daga Italiya da Labanon da Ailan da yankin masu jin Faransanci na Kanada, har ma ana kiranta ƙaramar Italiya. Gidajen na katako ne kuma tsofaffi, wasu sun lalace ƙwarai, amma da yawa masu su ne ke zaune a ciki, suna da lambuna a bayan gida da kantuna a bakin titi.

A 1963 jama'ar gari suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da aikin, a 1966 kuma aka fara rusau. An share fili mai faɗin eka 27, an tashi iyalai 157 da mutane 67 masu zaman kansu da wuraren sana'a 41. An biya diyya, gaskiya ne, sai dai diyyar tsohon gida ba ta sayen makamancinsa a wata unguwa, kuma ba a biyan diyyar maƙwabtaka. Mutanen da suka shekara da shekaru suna zaune ƙofa da ƙofa sai suka watsu a cikin gari da ƙauyukan kewaye.

Abin da ya ƙara ɓata wa waɗanda aka tasa rai shi ne filin ya daɗe babu kowa a kansa, domin shirin farko na gina shi bai yi nasara ba. Sai da wani kamfani daga Montreal ya karɓi aikin sannan aka buɗe rufaffiyar kasuwar zamani mai suna Burlington Square a 1976, tare da otal da ofisoshi da benen ajiye motoci. Shekara goma ke nan bayan fara rusau, kuma shekara biyu bayan gwamnatin tarayya ta soke shirin sabunta biranen baki ɗaya a 1974. Ginin kasuwar ya datse titunan Pine da St. Paul, ya zama kamar katanga tsakanin tsakiyar gari da unguwar talakawa da ke arewa da shi. Wannan datsewa ita ce za ta dawo ta zama abin magana bayan shekara arba'in.

3.3 Kasuwar Titin Church

Hanya ta biyu ba daga hukumar sabunta gari ta fito ba. Wani mai zanen gine-gine, Bill Truex, ya ga titin Stroget na birnin Kofanhagan wanda aka hana motoci shiga a 1962, ya dawo da ra'ayin a yi wa titin Church haka. Shi da wani ɗan kasuwa mai suna Patrick Robins ne suka ja ragamar shirin. Ba su fara da rusau ba, sun fara ne da gwaji. A farkon shekarun 1970 an rufe titin na yini ɗaya, daga baya na mako guda, aka kafa rumfuna, aka duba ko mutane za su zo kuma ko masu shaguna za su yi ciniki. Sakamakon gwajin ne ya kwantar da hankalin 'yan kasuwar da ke tsoron cewa in babu mota a ƙofar shago to babu mai saye.

Akwai kuma barazana daga waje. Wani kamfani ya nemi gina katafariyar kasuwa a garin Williston da ke kusa, amma a 1978 hukumar kula da muhalli ta yankin ta ƙi ba shi izini a ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta Vermont ta 1970. Duk da haka an buɗe wata rufaffiyar kasuwa a South Burlington a 1979. A wannan shekara ce masu ƙuri'a suka amince birnin ya ci bashin dala miliyan ɗaya da rabi. Sanata Patrick Leahy ya taimaka aka samo sama da dala miliyan 5 daga asusun sufurin jama'a na tarayya, bisa hujjar cewa aikin ya haɗa da tsara hanyoyin motocin safa a kewayen titin. An shimfiɗa jan bulo, an dasa itatuwa, an sa kujeru da fitilu, aka buɗe kasuwar a watan Satumba na 1981. An fara da sassa biyu na tsakiyar titin, daga baya aka faɗaɗa har ya kai sassa huɗu. Tsofaffin shagunan suna nan a inda suke.

Ya kamata a lura cewa hana mota shiga titi ba magani ba ne da ke ci a ko'ina. Tun daga Kalamazoo a 1959, birane kusan 200 a Amurka sun gwada, kuma mafi yawansu sun sake buɗe wa motoci hanya. Abubuwan da suka bambanta Burlington su ne, da farko an kafa wa kasuwar hukumarta ta musamman, mai karɓar kuɗi daga masu gine-ginen da ke kan titin tana kashewa wajen shara da kwashe ƙanƙara da shirya bukukuwa da ba 'yan tireda lasisi. Na biyu, dubban ɗaliban jami'a suna zaune a tazarar da za a iya takawa da ƙafa. Na uku, an bar titunan da suka ratsa ta a buɗe, saboda haka mai mota na iya zuwa dab da inda yake so.

A nan dole a yi wa aikin rusau adalci. Benayen ajiye motoci da otal da ofisoshin da aka gina a filin da aka share sun kawo wa titin Church masu saye, kuma ƙofar rufaffiyar kasuwar a kan titin take. Ke nan ba za a ce titin bai ci moriyar rusau ba. Sai dai waɗanda suka biya farashin ba su ne suka ci ribar ba.

3.4 Abin da Ya Biyo Baya

A watan Maris na 1981 Bernie Sanders ya kayar da magajin gari Gordon Paquette da ƙuri'a 10 kacal, kuma unguwannin talakawa ne suka fi mara masa baya. A 1983 gwamnatinsa ta kafa ofishin raya al'umma da tattalin arziki, a 1984 kuma birnin ya ba da dala 200,000 aka kafa wata ƙungiyar amana mai riƙe fili ta sayar da gidan da ke kansa da sauƙi, bisa sharaɗin in za a sake sayarwa ba za a tsauwala farashi ba. Wato an koma neman yadda mai ƙaramin ƙarfi zai zauna a gari maimakon yadda za a kawar da shi.

Ita kuwa rufaffiyar kasuwa ta yi ta sauya suna da masu mallaka, shagunanta suna raguwa. A 2016 masu ƙuri'a suka amince da bashin kusan dala miliyan 22, wanda za a biya daga ƙarin harajin da sabon ginin da za a yi a wurin zai kawo. A ƙarshen 2017 aka fara rushe kasuwar, tana da shekara 41. Daga nan kuɗin masu aikin suka tsaya, aka bar ƙaton rami a tsakiyar gari har mutane suka riƙa kiran wurin da sunan rami kawai. Sai a ƙarshen 2022, bayan wasu 'yan kwangila na yankin sun shiga cikin aikin, aka ci gaba da gini. Babban abin da aka ware bashin na 2016 dominsa shi ne sake shimfiɗa titunan Pine da St. Paul a daidai inda kasuwar ta datse su.