Daga tukunyar burkutu zuwa tabarmar fada: giya da neman mafita a Tasawa da Mayahi

Kwanan baya wani tsohon ɗalibina da ke koyarwa a wani ƙauye na gundumar Mayahi ya kira ni. Abokin aikinsa ya faɗa shan giya, albashi ba ya kwana biyar a hannunsa, yara kuma sun fara gane warin. Ya ce, "Malam, ina ake kai irin wannan mutum?" Kafin amsa, mu waiwaya baya.

Giya ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Kakanninmu Azna sun san burkutu, mata ke dafa ta da dawa, ana shan ta bayan girbi, wajen buki da wajen tsafi. A fili ake sha, gaban dattawa, kuma tana da lokacinta. Ko bayan da jihadi ya kori sarakunan Katsina a 1807 suka yo arewa, Musulunci a hankali ya riƙa ratsa ƙauyuka. Da ya zauna sosai a ƙarni na 20, sai shan giya ya zama abin kunya.

Turawa ma sun yi tasu dokar. Yarjejeniyar Burussel ta 1890 da ta Saint-Germain ta 1919 sun taƙaita cinikin barasa a Afirka. Duk da haka giyar kwalba ta biyo sojoji da ma'aikata. Bayan samun ƴancin kai a 1960, kamfanin Braniger na Yamai ya riƙa sarrafa ta a cikin gida, kuma babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, wadda ta ratsa Tasawa, ta sauƙaƙa isowarta. Mashayi ya tashi daga gaban dattawa ya koma gidan giya.

A shekarar 2000 Zamfara ta fara aiki da shari'a a watan Janairu, Katsina ta biyo a Agusta, masu sayar da giya da dama suka tsallako iyaka. A Nuwamba na wannan shekara, zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA ta kai ga farfasa mashaya a Maradi. An fasa kwalabe, amma ƙishin da ke jikin mashayi bai fasu ba. Shan ya koma ɓoye, ga barasar leda mai arha, ga taramol ya biyo baya. Hani da kunyatarwa suna iya tsare wanda bai fara ba. Wanda ya riga ya kamu kuwa, ƙara ɓuya kawai yake yi.

A Amurka an bi wata hanya. A 1935, a garin Akron, mashaya biyu, Bill Wilson mai harkar hannun jari da likita Bob Smith, sun gano cewa hira da wanda ya san ciwon tana taimaka musu su wuni ba su sha ba. Daga nan aka samu ƙungiyar AA, wadda ta bazu a duniya. Tsarinta mai sauƙi ne: a haɗu a kai a kai, kowa ya faɗi halinsa, ba a fitar da sunan kowa, ba kuɗin shiga, kuma alkawarin na yini ɗaya ne, gobe a sabunta.

Wannan tsari ai muna da irinsa. Mun gaji gayya daga iyaye. Mun ga samariya a zamanin Seyni Kountché. A nan jihar Maradi ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a 1991: mata su zauna kowane mako, da akwatinsu da dokokinsu, har wasu ƙasashe suka kwaikaya. Tun shekarun 1990 matasa ke da fada, inda ake dafa shayi ana faɗa wa juna gaskiya. Mun iya zama don kuɗi da don hira, saura mu zauna don wannan ciwo.

Ga abin da na gaya wa ɗalibina. Ya fara raka abokinsa likita, ko CSI ko asibitin gunduma, domin wanda ya daɗe yana sha da yawa, in ya daina farat ɗaya, yana iya kamuwa da makyarkyata, farfaɗiya ko ruɗewa, har a rasa rai. Bayan haka ya nemo mutum ɗaya da ya taɓa sha ya bari. Ma'aikacin lafiya ko liman mai riƙon asiri kan san irinsu. Mutum uku sun isa. A tsai da rana da wuri, a shimfiɗa tabarma, a ɗora shayi. Abin da aka faɗa nan ya tsaya nan, kuma wanda ya koma sha kada a kore shi, a ce masa ya dawo mako mai zuwa. Malamai sun karantar da mu cewa haramcin giya ma mataki-mataki ya sauka.

Iyaye da malamai, yaron da ke gyangyaɗi a aji ko yake zuwa lakwal ba kuɗin tara, wani lokaci gidansu ne bai yi barci ba. Kafin mu ɗaga bulala, mu tambaya. Ɗalibina ya ce Jumma'a mai zuwa bayan la'asar za su fara zama, su uku.